Tarihin Rubuta Manhajar Kiɗa da Wasanni

Sana'ar rubuta wa kwamfuta umarni domin ta yi kiɗa ko ta gudanar da wasa kusan sa'ar kwamfutar ce kanta. A shekarar 1951 Christopher Strachey ya rubuta umarnin da ya sa kwamfutar Ferranti Mark 1 ta Jami'ar Manchester da ke Ingila ta kaɗa taken ƙasar Birtaniya, har BBC ta naɗi sautin. Shi ne kuma ya rubuta ɗaya daga cikin manhajojin farko na wasan dara irin na Turawa. A wancan zamani kwamfuta ɗaki guda take cikawa, umarni kuwa huda shi ake yi a kati ko a tef na takarda, don haka sai masana lissafi da injiniyoyi ne ke iya kusantarta.

Shekarar 1957 ta zo da abubuwa uku. Kamfanin IBM ya fitar da FORTRAN ƙarƙashin jagorancin John Backus, harshen da ya ba mutum damar rubuta umarni da kalmomi da alamomin lissafi maimakon lambobin inji zalla. A Jami'ar Illinois, Lejaren Hiller da Leonard Isaacson suka kammala Illiac Suite, kiɗan da kwamfuta ta zaɓi sautukansa bisa ƙa'idojin da suka gindaya mata, sannan makaɗa suka kaɗa shi. A Bell Labs kuma Max Mathews ya rubuta manhajar MUSIC, wadda ke lissafa sautin kansa lamba bayan lamba a kan kwamfutar IBM 704. Wasanni suka bi sahu: a 1962 Steve Russell da abokansa a MIT suka rubuta Spacewar! a kan kwamfutar PDP-1, wasan jiragen sararin samaniya biyu masu harbin juna.

Sana'ar ta fita daga jami'o'i ne lokacin da kwamfuta ta shiga gidaje. Harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira a Kwalejin Dartmouth a 1964 domin ɗalibai, shi ne ya zo cikin kwamfutocin gida na Commodore 64 da ZX Spectrum a 1982. Mujallu kan buga umarnin wasa shafi-shafi, matashi ya zauna ya kwafe shi da hannu, ya nemo kuskurensa, da haka ya ƙware. Na'urar sautin Commodore 64 murya uku kacal take fitarwa a lokaci guda. Wannan ƙarancin ya koya wa makaɗan wasanni dabara: sukan sa murya ɗaya ta riƙa sauya sauti da tsananin sauri, sai kunne ya ji kamar sautuka da yawa ne suka tashi tare. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ke aika saƙon maɓallin da aka danna, da ƙarfin dannawar, da lokacin da aka sake shi, ta yadda kayan kiɗan kamfanoni dabam-dabam da kwamfuta za su fahimci juna.

Daga nan sai aka shiga zamanin kayan aikin da ke ɗauke wa mai fasaha wani kaso na wahala. Pure Data ta Miller Puckette, wadda ta fito a 1996, tana gina sauti ta hanyar haɗa akwatuna da layuka a allo. Manhajojin gina wasanni irin su GameMaker ta 1999, Unity ta 2005 da Godot ta 2014 sun tanadi motsi da haske da karo, mai ƙirƙirar wasa ya ji da labari da ƙa'idoji. Scratch ta 2007 ta buɗe ƙofa ga yara, Sonic Pi ta Sam Aaron kuma ta koya musu rubuta kiɗa yana tashi nan take.

Mataki na baya-bayan nan shi ne mataimakan ƙirƙirarriyar basira. GitHub Copilot ya bayyana a 2021, ChatGPT ya biyo baya a Nuwamban 2022. An horar da su da tarin rubutu da umarnin da mutane suka riga suka rubuta, shi ya sa mutum zai bayyana bukatarsa da maganar yau da kullum, su mayar da ita umarni. Makaɗin da bai taɓa koyon harshen kwamfuta ba zai iya samun manhajar shirya kiɗa, mai zane kuma ya ga zanensa yana gudu yana tsalle.

Sauƙin ya zo da matsalolinsa. Mataimakin kan rubuta umarni mai kama da daidai alhali akwai ɓaraka a ciki, wanda bai iya karanta shi ba kuwa gyara kan gagare shi. A Nuwamban 2022 an kai kamfanonin GitHub da Microsoft da OpenAI ƙara a Amurka kan amfani da umarnin jama'a wajen horar da Copilot. A Janairun 2024 kamfanin Valve ya wajabta wa masu sayar da wasanni a dandalinsa na Steam su bayyana inda suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. A halin da ake ciki, na'ura ta karɓi kaso mai yawa na rubutun umarni, yayin da tsara wasa, zaɓen sauti, gwaji, da ɗaukar alhakin abin da aka fitar suka ci gaba da zama a wuyan mai aikin.