Ɗanyen bidiyo da HDR: yadda ake sarrafa su kafin su kai ga mai kallo

Duk mai ɗaukar bidiyon biki ko naɗin sarauta a Filinge da ƙauyukan Kurfey ya san matsalar ranar tsaka. Idan ya daidaita kyamara domin fuskokin da ke ƙarƙashin rumfa, farar babbar riga sai ta koma fari fat, aikin zaren da ke jikinta ya ɓace. Idan ya bi rigar, fuskoki su yi duhu. Ɗanyen bidiyo, wanda kyamarori ke rubutawa RAW, da kuma tsarin HDR, an samar da su ne domin rage wannan asara.

Mene ne bambancinsu?

Ɗanyen bidiyo shi ne abin da idon kyamara ya gani tun ba a tace shi ba. Bidiyo na yau da kullum mai bit 8 yana da matakan haske 256 a kowane launi, mai bit 10 yana da 1024, mai bit 12 kuma 4096. Yawan matakan ne ke ba mai tacewa damar dawo da abin da ya ɓuya a inuwa ko a hasken yashi. A shekarar 2018 aka fito da ProRes RAW na kamfanin Apple da Blackmagic RAW.

Shi kuwa HDR ya shafi yadda allo ke nuna hoton. Daga cikin nau'o'insa akwai HDR10, da Dolby Vision, da HLG wanda BBC da gidan talabijin na NHK na Japan suka haɗa. Tun daga iPhone 12 na shekarar 2020, wayoyin Apple na ɗaukar bidiyo da Dolby Vision.

Matakan aiki

Na farko, a kwafe katin zuwa wurare biyu kafin a goge shi, domin biki ba ya maimaituwa. Nauyin kuma ba wasa ba ne: ɗanyen bidiyo na 1080 mai bit 14 da ba a matse ba yana cin fiye da giga 5 a minti guda, wato katin giga 64 zai cika cikin minti 12 ko kusa da haka.

Na biyu, a sa manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi yanka da jeri da su. Wannan ne ke ba ƙaramar kwamfuta damar aiki ba tare da ta riƙa tsayawa ba, batirinta kuma ya daɗe idan wuta ta ɗauke. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design tana yin haka, kuma akwai ta kyauta.

Na uku, gyaran launi. A fara da daidaita fari, sai haske, sannan launin fata. Fuska ce ma'auni, domin ita masu biki za su fara dubawa.

Na huɗu, fitarwa. Nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin masu kallo ta WhatsApp ko katin waya bidiyon ke isa gare su, kuma ba kowane allo ne ke iya nuna HDR ba. Idan aka tura shi haka nan, yakan fito a koɗe kamar an yi hazo. Don haka sai a juya shi zuwa tsarin Rec.709, a fitar da shi a H.264, a gwada a ƙaramar waya kafin a miƙa.

Abin kiyayewa

Ɗanyen bidiyo ba ya dawo da abin da rana ta riga ta ƙone ƙurmus tun wurin ɗauka, shi ya sa zaɓen inuwa ko jiran la'asar bai rasa amfaninsa ba. Asalin fayil kuwa a adana shi: kwafin WhatsApp a matse yake, daga na asalin kaɗai za a iya fitar da mai kyau idan iyalin suka dawo nema bayan shekaru.