Labarin Kwabon Linkon

Ya ku 'yan makaranta, babu ɗayanku da bai taɓa riƙe kuɗi ba, amma muna zaton kaɗan ne daga cikinku suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu, wai shin wa ya zaɓi kan da ke jikin kuɗin, don me kuwa aka zaɓe shi. To, yau za mu ba ku labarin wani ɗan ƙaramin kuɗi na ƙasar Amurka da a ke kira senti. Guda ɗari ne dala ɗaya, kamar yadda kwabo ɗari ya ke naira ɗaya, saboda haka za mu riƙa ce masa kwabo. Sunan ma ya dace, gama kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe ta fito a bakin Turawa, wannan kuwa da jan ƙarfe aka fara buga shi.

Tun zamanin Rumawa al'adar sarakunan Turai ce su sa a buga kawunansu bisa kuɗi, don kowa ya san mai ƙasa. Mutanen Amurka kuwa da yaƙi suka fita daga hannun Sarkin Ingila, ba su son kome da zai tuna musu da sarauta. A shekara ta 1792, da aka zo kafa dokar buga kuɗi, waɗansu suka kawo shawara a sa kan Shugaban ƙasa. Majalisa ta ƙi, ta ce yin haka halin sarakuna ne. An ce shi kansa Washinton, Shugabansu na farko, bai so ba. Sai aka daidaita a kan siffar wata mace wadda ba a taɓa haifa ba, aka ce ita ce alamar 'Yanci. Haka aka zauna shekara ɗari da 'yan kai. Jifa-jifa a kan buga kuɗin tunawa kaɗan, kamar wanda aka yi wa Kolumbus a 1892, amma kuɗin cefane na yau da kullum ba a yarda kan wani mutum ya hau shi ba.

Wanda aka karya wannan al'ada dominsa shi ne Abraham Linkon. An haife shi ran 12 ga Fabrairu, 1809, a jihar Kentaki, cikin wata bukka ta gumagumai mai ɗaki guda. Ubansa manomi ne, matalauci. Suka ƙaura zuwa Indiyana yana yaro, uwarsa ta rasu yana da shekara tara. In aka tara dukan kwanakin da ya yi a makaranta, da ƙyar za su cika shekara guda. Ku da ke da malamai da littattafai da allo, ku lura da wannan. Da gatari ya girma, yana sarar itace yana faskare, in ya sami littafin aro ya karanta shi har ya kusa haddacewa. Da kansa ya koyi shari'a har ya zama lauya a jihar Ilinoi, a 1860 aka zaɓe shi Shugaban Amurka na goma sha shida.

Ya hau mulki ƙasa tana shirin tsagewa biyu. A lokacin akwai baƙaƙen mutane wajen miliyan huɗu cikin bauta, galibinsu a gonakin kudu, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka. Jihohi goma sha ɗaya na kudu suka ɓalle don tsoron kada a taɓa musu bayi. Aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da dubu ɗari shida suka hallaka. Kada ku ɗauka Linkon ya shiga yaƙin da nufin 'yanta bayi tun farko. Babban nufinsa da fari shi ne ƙasa ta zauna ɗaya. Amma ran 1 ga Janairu, 1863, ya yi shela cewa bayin da ke jihohin 'yan tawaye sun zama 'ya'ya, sa'an nan ya tsaya tsayin daka har Majalisa ta yarda da gyaran doka wanda ya hana bauta a ƙasar duka. Bai ga cikar aikin ba. Ran 14 ga Afrilu, 1865, wani ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo a birnin Washinton, kashegari ya mutu.

Da shekara ta 1909 ta gabato, watau cikar shekara ɗari da haihuwarsa, Shugaban lokacin, Theodore Roosevelt, mutum ne da ya daɗe yana ƙorafin cewa kuɗin ƙasarsa ba su da kyaun gani. A 1908 wani gwanin sassaƙa mai suna Victor David Brenner yana aikin wata lamba ta girma mai ɗauke da kan Roosevelt, sai Shugaban ya ga wata siffar Linkon da gwanin nan ya riga ya yi bisa tagulla, ta ba shi sha'awa. Shi Brenner baƙo ne, Bayahude, an haife shi a Lituwaniya lokacin tana hannun Rasha, ya zo Amurka a 1890 yana saurayi. Aka ba shi aikin sabon kwabo. Doka ba ta hana ba, domin ta ce in zanen kuɗi ya yi shekara ashirin da biyar ana iya sake shi ba sai an koma Majalisa ba, tsohon kwabo kuwa tun 1859 a ke buga shi.

Watakila wani zai ce, ina girmamawa a nan, a ɗauki babban mutum a ɗora shi bisa mafi ƙanƙantar kuɗi, ga azurfa ga zinariya? Mu dai a ganinmu babu zaɓin da ya fi wannan. Zinariya tana kwance cikin akwatin attajirai, talaka ya yi shekara bai gan ta ba. Kwabo kuwa yana hannun yaro mai tallan jarida, yana hannun lebura, yana hannun tsohuwar da aka haifa cikin bauta. Mutumin da aka haifa a bukka, nan ne gidansa.

A fuskar kwabon aka sa Linkon yana duban dama, da gemunsa, bisa kansa an rubuta cewa ga Allah suka dogara. A baya aka sa zangarniyar alkama biyu, ɗaya a kowane gefe. Aikin ya yi jinkiri, ranar haihuwar ta wuce, har Roosevelt ya sauka daga mulki, ba a fito da kwabon ba sai ran 2 ga Agusta. Ranar nan jama'a suka yi dogayen layuka a ƙofar ma'aji da bankuna, har aka ƙayyade yawan da za a ba mutum guda. Yara masu wayo suka riƙa karɓowa suna sayar wa waɗanda suka gaji da tsayuwa, da riba. Kwabo ya zama haja.

Sai kuma rigima ta tashi, a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Brenner ya so ya sa cikakken sunansa a bayan kwabon, aka hana shi, sai ya sa haruffa uku na farkon sunayensa, V.D.B., a ƙasa tsakanin alkamar. Jaridu suka ce harufan sun yi girma, wai baƙo yana tallan kansa a bisa kuɗin gwamnati, alhali an biya shi ladan aikinsa. Kwana uku da fitowar kwabon, Ma'ajin ƙasa, Franklin MacVeagh, ya ba da umurni a tsai da bugawa a kankare su. Mu muna ganin an ƙware shi. Ba shi ya fara ba, gama babban mai zane na gidan buga kuɗi, Charles Barber, harafin sunansa yana nan bisa kuɗin azurfa da ya zana, ba wanda ya ce uffan. Kun san ko maɗinkin riga ya kan so a san ɗinkinsa. Sai a 1918, bayan mutuwar Barber, aka mai da harufan, amma ƙanana ƙwarai, a gindin kafaɗar Linkon, inda sai mai kaifin ido zai gan su.

Ga waɗanda suka ajiye kwabon farko, faɗuwa ta zo daidai da zama. A Filadelfiya an riga an buga wajen miliyan ashirin da takwas masu haruffan, saboda haka ba su da wuyar samu. Amma a San Faransisko guda 484,000 kaɗai aka buga kafin umurnin ya iso, kowanne da harafin S a ƙarƙashin shekara. Waɗannan masu tara tsofaffin kuɗi su kan saya ɗaruruwan daloli ko da sun goge, har maha'inta su kan ɗauki na Filadelfiya su manna masa S don su cuci marasa sani.

Da ƙofa ta buɗe kuwa ba a sake rufe ta ba. A 1932, cikar shekara ɗari biyu da haihuwar Washinton, aka ɗora kansa bisa kuɗin senti ashirin da biyar, shi da aka ce ya ƙi tun yana da rai. Daga nan waɗansu shugabanni suka biyo, macen 'Yanci ta yi ta ja da baya.

Kwabon Linkon ya ga zamani iri iri. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka bukaci jan ƙarfe don harsashi da waya, sai aka buga shi da baƙin ƙarfe aka shafe da tutiya. Mutane ba su so shi ba, domin yana tsatsa, ga shi fari, a kan ruɗe shi da azurfar senti goma. Shekara guda aka bar shi. A 1959, cikar shekara ɗari da hamsin, aka cire alkama aka sa hoton babban ginin tunawa da Linkon da ke Washinton, in kun duba tsakanin ginshiƙan za ku hangi ɗan gunkinsa a zaune. A 1982 jan ƙarfe ya yi tsada, kwabon ya koma tutiya, jan ƙarfe sai shafe a baya. A 2009, cikar shekara ɗari biyu, aka yi zane huɗu: bukkar haihuwarsa, da saurayi yana karatu bisa gungume, da zamansa na lauya a Ilinoi, da ginin Majalisa wanda ba a gama rufinsa ba lokacin da ya hau mulki. Daga 2010 aka sa garkuwa. Duk cikin waɗannan sauye-sauye fuskar da Brenner ya zana ba ta gusa ba.

Abin da ya kā da shi a ƙarshe tsada ce. Kaya suka yi ta hawa har kwabo ɗaya bai sayen kome, kuɗin buga shi kuwa ya kusa kai kwabo huɗu. Ran 12 ga Nuwamba, 2025, aka buga na ƙarshe na cefane a Filadelfiya, shekara ɗari da goma sha shida bayan na farko. Waɗanda ke hannun jama'a ba a soke su ba, har yanzu kuɗi ne a bisa doka, ana karɓarsu.