Shugabanni Uku da Mashigin Panama

A shekara ta 1881 wani kamfanin Faransa ya soma haƙa mashigin ruwa a Panama, domin jiragen ruwa su riƙa ratsawa daga Tekun Atlantika zuwa Tekun Fasifik ba sai sun kewaye Kudancin Amurka ba. Jagoran aikin shi ne Ferdinand de Lesseps, wanda ya yi suna bayan da aka buɗe mashigin Suez a Masar a 1869. Saboda sunansa talakawan Faransa suka zuba ɗan abin da suka tara, suka sayi hannun jari.

De Lesseps ba injiniya ba ne, tsohon jami'in jakadanci ne mai zaƙin baki da ƙarfin zuciya. Tun a taron da aka yi a Paris a 1879, wani injiniya, Godin de Lépinay, ya ba da shawara a datse koguna a yi tafki, a gina ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi hawa-hawa. De Lesseps ya ƙi, ya ce sai an haƙa daidai da bakin teku kamar na Suez. Alhali Suez rairayi ne shimfiɗaɗɗe, Panama kuwa tsaunuka ne da kurmi da ruwan sama mai yawa, ga Kogin Chagres mai ambaliya. Ƙasa ta yi ta zaftarewa tana cike ramin da aka haƙa, ciwon shawara da zazzaɓin cizon sauro suna ɗibar ma'aikata, shi kuwa yana Paris yana yi wa masu jari albishir. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. A 1889 kamfanin ya karye. An ƙiyasta mutum wajen 22,000 suka mutu, masu jari kusan 800,000 suka yi asara.

Amurka ta karɓi aikin a 1904. A 1905 aka naɗa John Stevens babban injiniya, abu na farko da ya yi kuwa shi ne ya dakatar da yawancin haƙar. Ya gina wa ma'aikata gidaje da wuraren cin abinci, ya gyara hanyar jirgin ƙasa domin kwashe ƙasar da ake tonowa. Ya kuma saurari likita William Gorgas, wanda manyan da suka gabata suka raina maganarsa cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Stevens ya ba shi kuɗi da dubban mutane, aka yi feshi, aka yashe kwatami, aka sa raga a tagogi, har aka kawar da ciwon shawara. Gaskiya ne a zamanin Faransawa ba a tabbatar da laifin sauro ba tukuna. Amma batun ƙofofin ruwa an faɗa musu tun da fari, shi ne kuma Stevens ya goyi baya har aka amince da shi a 1906.

George Goethals, hafsan soja, ya gaje shi a 1907. Mutum ne mai tsanani, amma kowace Lahadi da safe yakan buɗe ofishinsa, babba da ƙarami su shigo su kai kuka, ya saurara ya yanke hukunci. Ya gane cewa babba juji ne. An buɗe mashigin ranar 15 ga Agusta, 1914. Wannan nasara tana da tabonta: baƙaƙen fata daga Barbados da sauran tsibiran Karebiyan, waɗanda suka ɗauki mafi nauyin aikin, an ware su a albashi da masauki, su ne kuma mafi yawa cikin mutum kusan 5,600 da suka mutu a zamanin Amurkawa.

Ƴan'uwa, da yawa cikinmu an danƙa mana wani aiki, ko kwamitin gini, ko shago mai yara uku, ko gonar haɗin gwiwa, da kuɗin mutane da guminsu a hannunmu. Nasarar jiya takan toshe kunnen shugaba, har ya daina jin wanda ya fi shi sanin wurin. Bari kowa ya tambayi kansa: yaushe rabon da na ƙasa da ni ya kawo mini labari marar daɗi ba tare da tsoro ba? In an daɗe, mu buɗe ƙofa tun ramin bai rufta ba.