Jiragen Zheng He da Jakunan Kakanninmu



Ni dai ban taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da na sani shi ne Kogin Kaduna in damina ta nutsa. Amma wani tsohon littafin tarihi da na saya a Kaduna ya hana ni barci kwana biyu a nan Kasuwan Magani.

Labarin Zheng He ne, wani Musulmi mutumin ƙasar Sin da aka haifa a lardin Yunnan a 1371. Mahaifinsa da kakansa duk alhazai ne. Sarki Yongle na daular Ming ya ɗora shi kan rundunar jiragen ruwa, kuma daga 1405 zuwa 1433 suka yi tafiya bakwai. A ta farko kaɗai mutanensa sun haura 27,000. Sun je Kalikut ta Indiya, da Hormuz, da Aden, da Mogadishu, har Malindi ta Kenya ta yau. Sukan kai siliki da tangaran, su komo da barkono da turare. Har raƙumin dawa aka kai wa sarkinsu daga Malindi a 1415. A tafiyar ƙarshe wasu mutanensa sun isa Makka.

Daga nan fada ta ce kashe kuɗin ya yi yawa, ga Mongol na barazana daga arewa. Aka daina tafiyar, jiragen suka ruɓe a tasha.

Nan na tuna da namu. Jim kaɗan bayan haka, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438-1452), aka buɗe hanyar Gwanja, inda ake sayo goro. Fatakenmu ba su da runduna, sai jakuna da madugu. Duk inda suka yada zango sukan nemi izinin masu gari, su yi ciniki, wasu su zauna. Da irin wannan fatauci kakanninmu suka zo ƙasar Adara.

Fataucin Zheng He na sarki ne, ranar da fada ta juya baya ya mutu. Namu kuwa amanar maƙwabci ce ke riƙe da shi. Mun ga haka a Oktoban 2018, da rikici ya ci rayuka 55 a garin nan, mai saye da mai sayarwa kowa ya gudu ya bar rumfa.

Don haka 'yan uwa, mu riƙe wannan amana, mu koya wa yaranmu ita. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.