Agogon da ke Hancin Kare

Tun kafin a kafa birnin Sakkwato a 1809, mafarautan ƙasar Hausa ke shiga daji da karnuka idan rani ya yi. Malaman Malikiyya, waɗanda har yau ake karanta littattafansu a zaurukan birnin, sun halatta naman da horarren kare ya kamo, bisa aya ta 4 a Suratul Ma'ida. Horarre kuwa shi ne wanda ke tafiya idan an sake shi, ya dawo idan an kira shi. Hukuncin ya ginu ne a kan yarda cewa kare na riƙe abin da aka koya masa.

Amma riƙe horo daban, tuna abin da ya faru jiya daban. A farkon ƙarni na 20, Ivan Pavlov na Rasha ya nuna cewa kare na dalalar da miyau da zarar ya ji sautin da ya saba ji kafin abinci. Daga nan masana da yawa suka ɗauki ƙwaƙwalwarsa a matsayin rumbun sabo kawai. Hatta Hachiko, karen Tokyo da ya riƙa jiran ubangidansa a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya tun rasuwar mutumin a 1925 har tasa mutuwar a 1935, ana iya cewa sabo ne ke kai shi.

Ra'ayin ya fara sauyawa daga baya. A 2011, Therese Rehn da Linda Keeling na Suwidin suka gano cewa kare ya fi ɗokin tarbar mai shi bayan rabuwar awa 2 a kan ta minti 30, sai dai bai bambanta awa 2 da awa 4 ba. A 2016, Claudia Fugazza a Budapest ta nuna cewa karnuka na iya kwaikwayon aikin da suka ga mutum ya yi awa guda baya, alhali ba su san za a nemi hakan daga gare su ba. Alexandra Horowitz ta Amurka kuma tana hasashen cewa kare na auna lokaci da hanci: gwargwadon yadda warin maigida ke dusashewa a ɗaki, gwargwadon daɗewar fitarsa.

Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Mafarauci dai ba ya yar da karen bara, domin shi ya san daji. Haka karen da yara suka jefa a lungu: ba ya ƙirga kwanaki, amma ya san hannun da ya ɗauki dutse.