Adireshi da Mai Adireshi: Tantance Jerin Masu Karɓar Wasiƙu da Rumbun Gidan Waya a Amurka da Birtaniya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda bankuna da kamfanonin inshora da masu buga mujallu ke gwama jerin adireshin abokan hulɗarsu da rumbun adireshi na ƙasa kafin su aika wasiƙu. An ɗora nazarin a kan tsarin hukumar gidan waya ta Amurka da na Royal Mail ta Birtaniya. An gano cewa tantancewar hawa uku ce: daidaita rubutu, da tabbatar da wuri, da tabbatar da mazaunin wurin. Rumbu na da ƙarfi a hawa biyu na farko, rauninsa yana ga na uku.

Fitilun kalmomi: adireshi, rumbun bayanai, gidan waya, tantancewa

1.0 Gabatarwa

Jerin adireshi yana fara tsufa tun ranar da aka kammala shi. Mutane na ƙaura, ana rushe gidaje, ana sake wa tituna suna, akawu kuma na iya kuskuren harafi. A Amurka, biliyoyin wasiƙu ne ake kasa miƙawa bisa adireshin da ke jikinsu kowace shekara, ga hasarar kuɗin ɗab'i da na kan sarki. Tambayar maƙalar ita ce: idan manhaja ta ce adireshi ya inganta, me aka tabbatar, me kuma ya rage?

2.0 Rumbunan Biyu

Amurka ta fito da lambar shiyya ta ZIP mai alƙaluma 5 a 1963, ta ƙara mata 4 a 1983. Rumbunta ya ƙunshi wuraren miƙa wasiƙa sama da miliyan 160. Birtaniya ta fara gwajin tata lambar a birnin Norwich a 1959, ta game ƙasar a 1974. Rumbunta mai suna PAF yana da adireshi fiye da miliyan 30, kuma dokar harkokin gidan waya ta 2000 ta wajabta a bai wa masu buƙata damar amfani da shi bisa sharuɗɗa na adalci. Duka biyun sun dogara ƙwarai da abin da masu rabon wasiƙu da ƙananan hukumomi ke kawowa daga unguwanni.

3.0 Hawa Uku na Tantancewa

3.1 Daidaita rubutu. Manhaja na fara rarrabe adireshi gaɓa-gaɓa: lambar gida, titi, gari, lambar shiyya. Sai ta gyara rubutun ya dace da na rumbu, ta cike abin da aka tsallake. A Amurka, tsarin CASS ne ke jarraba irin waɗannan manhajoji, kuma sai da shaidarsa mai aika wasiƙu da yawa ke samun rangwamen da ake yi wa saƙon da na'ura za ta iya warewa. A wannan hawa ake gane cewa layuka biyu masu rubutu daban gida ɗaya suke nufi. Haɗarin shi ne kama da wane ba ta wane: idan manhaja ta cika sassauci wajen neman makamanci, takan mayar da adireshin da ke da kuskure zuwa gidan wani, ta kuma ba shi shaidar inganci.

3.2 Tabbatar da wuri. A da, manhaja kan gamsu idan lambar gida ta faɗa cikin zangon lambobin titi. Idan titi na ɗauke da 100 zuwa 198, sai a karɓi 146 ko da fili ne. Tsarin DPV ya toshe wannan kafa, domin yana duba ko ainihin ƙofar tana cikin rumbu. Tun 2007 aka sanya shi cikin sharuɗɗan CASS.

3.3 Tabbatar da mazauni. Nan ne gizo ke saƙa. PAF ba ya riƙe sunayen mazauna gidaje, wurare kawai ya sani. Amurka na cike giɓin da NCOALink, wanda ke ajiye sanarwar sauya adireshi har ta watanni 48, kuma doka ta nemi masu cin rangwame su sabunta jerinsu cikin kwanaki 95 kafin aikawa. Amma wanda ya tashi bai sanar da gidan waya ba, babu inda zai bayyana.

4.0 Tattaunawa

Sakamakon ya nuna cewa kalmar "ingantacce" a rahoton manhaja shaida ce a kan ƙofa kaɗai. Bankin da ya ɗauke ta a matsayin shaidar mazaunin mutum ya ɗora wa rumbu nauyin da ba nasa ba. Haka kuma, rashin samun adireshi a rumbu ba ya nufin babu shi, domin sabon gini kan riga rumbu zuwa duniya.

Akwai kuma sharaɗin da ya riga komai: kowace ƙofa ta sami alamar da ba ta tarayya da wata. Ireland ta ƙaddamar da lambar adireshi ta Eircode a 2015 saboda kusan kashi 35 cikin 100 na adireshinta gidaje da yawa ne ke tarayya a kansu. Ghana ta bi wata hanya a 2017 da GhanaPostGPS, inda aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i na mita 5. A Nijeriya, lambar hukumar gidan waya ta NIPOST mai alƙaluma 6 shiyya take nunawa, yayin da jama'a da yawa ke dogaro da kwatance irin na "bayan masallacin Juma'a". Kwatance na kai baƙo gida, amma manhaja ba ta da bakin tambaya.

5.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar kowane rahoton tantancewa ya fayyace hawan da aka kai da ranar da aka sabunta rumbu, a kuma ware adireshin da ba a samu ba domin mutum ya bincika kafin a goge su. Tambayar ko mai sunan yana nan har yanzu, amsarta tana ga wasiƙar da ta dawo da kuma mai rabon da ya ƙwanƙwasa ƙofar.