Reno ko saye: tsohuwar gardama a ƙwallon Amurka

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Amurka ya aiko mini da saƙon murya a ƙarshen watan Afrilu, yana dariya. Ya ce: "Mushe, mutanen nan kwana uku ke nan suna zaune gaban talabijin, ba a buga ƙwallo ko sau ɗaya ba. Sunaye kawai ake karantawa, wasu na tafi, wasu na kuka." Ya san ni da son tarihi, shi ya sa ya tsokane ni. Na kuwa tsokanu, don na yi makonni ina bin asalin abin, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin wasa.

Ba tamaular da muke kallo a gidajen kallo nake nufi ba. Wannan ita ce ƙwallon da ake runguma a hannu, mai siffar ƙwai, ƴan wasa sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Babbar gasarsu sunanta NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Ƙungiya tana samun ƴan wasa ta manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce zaɓen bi-da-bi na kowace shekara: ana jera samarin da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a bara ita ke fara zaɓe, zakara kuma ya jira har kowa ya gama. Ta biyu ita ce kasuwa: ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare, kuma ya yi aƙalla kaka huɗu a gasar, yana da ƴancin zuwa inda ya ga dama. Ko dai ka ɗauki yaro ka rena, ko ka sayi wanda wani ya riga ya rena.

An kafa gasar a 1920 a garin Canton na jihar Ohio. A shekarun farko ba wani tsari, mai kuɗi shi ke kwashe gwanaye. A 1935 aka yi rububin wani saurayi ɗan jami'ar Minnesota mai suna Stan Kostka, ƙungiyoyi suna ta ƙara tayi har ya tafi wata ƙungiyar Brooklyn a kan dala 5,000. (In na ce dala a rubutun nan, ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.) Cikin waɗanda suka sha ƙasa a cinikin akwai Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, wadda ba ta da kuɗi kuma ba ta da nasara. Shi ne ya shawo kan sauran masu ƙungiyoyi da cewa in aka bar Chicago da New York suna cinye komai, wata rana ba za su sami abokin karawa ba, ƴan kallo kuma su watse. Ranar 8 ga Fabrairu 1936, a wani otal na Philadelphia, ƙungiyoyi tara suka zauna suka zaɓi samari 81 cikin zagaye tara.

Wanda aka fara kira shi ne Jay Berwanger na jami'ar Chicago, gwanin shekarar. Eagles ta zaɓe shi, ta ga ba za ta iya biyansa ba, ta miƙa haƙƙinsa ga Chicago Bears. Can ma ba a daidaita a kan kuɗi ba. Sai yaron ya kama harkar kasuwanci, bai taɓa buga wa gasar ko wasa ɗaya ba. Mafi yawan waɗanda aka zaɓa a ranar su ma ba su shiga ba, domin a zamanin albashin ƙwallo bai kai na aikin kamfani ba. Ita kuwa Eagles, duk da zaɓen farko da ta samu, wasa ɗaya tak ta ci a kakar 1936, aka doke ta sau 11.

Nan ne na fara ganin fuska biyu na tsarin. Ana cewa an ƙirƙiro shi don adalci tsakanin ƙungiyoyi, kuma gaskiya ne. Amma ya kashe ciniki. Saurayin da a da ƙungiya biyar ke zawarcinsa, yanzu mai saye ɗaya gare shi: ko ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya zauna gida. Ni da na fara koyarwa a ƙauyen da ban taɓa jin sunansa ba sai ranar da takardar turawa ta fito, ban sha wahalar gane wannan ba. Na san dalilin hukuma: in an bar kowa ya zaɓa, duk a birni za mu taru, ƴaƴan karkara su rasa malami. Sanin dalilin bai hana ni kwana ina juyi ba a daren.

Bayan an zaɓe ka ma ba ka tsira ba. A 1962 wani ɗan wasa, R.C. Owens, ya gama kwantaraginsa da San Francisco ya koma Baltimore Colts. Abin ya ɓata wa masu ƙungiyoyi rai, sai a 1963 suka kafa dokar da aka laƙaba wa sunan shugaban gasar, Pete Rozelle: duk ƙungiyar da ta ɗauki ɗan wasan wata sai ta biya diyya, in ba su daidaita ba shugaban ne zai yanke ko nawa, ko wa za a ƙwace mata. Wa zai sayi kaya bai san farashi ba sai bayan ya kai gida? Kasuwar ta mutu murus.

A wannan zamanin reno shi ne kusan hanya ɗaya, kuma wanda ya iya ya more. Pittsburgh Steelers ta shekara kusan 40 ba ta ci kofi ba. Koci Chuck Noll ya zo a 1969 ya zaɓi Joe Greene, a 1970 Terry Bradshaw, a 1972 Franco Harris. A 1974 kaɗai suka zaɓi mutum huɗu da daga baya aka sa su cikin zauren gwanayen tarihi: Lynn Swann, Jack Lambert, John Stallworth da Mike Webster. Suka ɗauki kofin Super Bowl sau huɗu cikin shekara shida. Masu yabon reno kullum da wannan suke kafa hujja. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne, waɗannan gwanayen ba su da hanyar fita ko da sun so. Riƙon amana yana da sauƙi in ƙofa a kulle take.

Ƴan wasa suka nufi kotu. John Mackey na Baltimore, shugaban sandikarsu, ya shigar da ƙara a 1972, a ƙarshen 1975 alƙali ya ce dokar Rozelle ta saɓa wa dokokin Amurka na hana babakere a kasuwa. Amma a yarjejeniyar 1977 sandikar ta amince da wani tsarin diyya da bai bambanta sosai ba, a madadin wasu alfanu. A 1987 suka tafi yajin aiki na kwana 24, masu ƙungiyoyi suka kwaso ƴan cike-gurbi aka ci gaba da wasa, yajin ya karye. Daga 1989 aka fito da wani shiri da ya ba kowace ƙungiya damar kulle mutum 37, ta saki ragowar, wato waɗanda ba ta damu da su ba. Sai a Satumban 1992 wata kotu a Minneapolis ta rushe shirin, a ƙarar da Freeman McNeil na New York Jets da wasu abokansa suka kai. A 1993 aka sasanta: ƴan wasa suka sami ƴancin sauya sheƙa, masu ƙungiyoyi kuma suka sami iyakar albashi, wadda ta fara aiki a 1994 a kan dala miliyan 34.6 ga kowace ƙungiya. Masu bin tamaular Turai za su tuna da hukuncin Bosman na Disamban 1995. Kusan lokaci ɗaya ne, sai dai Turai ba ta ɗaura wa kowa irin wannan linzamin ba, shi ya sa kuɗin Madrid da Manchester ke magana yadda suke yi.

Gwajin farko na kasuwar ya ba kowa mamaki. An ɗauka manyan birane za su kwashe kowa. Sai ga Reggie White, mai tsaron da ya fi kowa a zamaninsa, ya bar Philadelphia ya tafi Green Bay a 1993 kan dala miliyan 17 na shekara huɗu. Green Bay ɗan ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi, mutanensa kimanin 100,000, bai kai Maradi ba, kuma ƙungiyar ba ta attajiri ɗaya ba ce, ta dubban masu hannun jari ce. Rabonta da kofi tun Janairun 1968. A Janairun 1997 ta doke New England da ci 35 da 21. To amma a lura: White bai tarar da kango ba. Shekara ɗaya kafin zuwansa an riga an kawo Brett Favre, madugun da ke jefa ƙwallo, an kuma tara samari ta hanyar zaɓe.

Waɗanda ba su lura da hakan ba sun sha kuka. Washington ta zuba kuɗi a 2000 ta kwaso tsofaffin taurari irin su Deion Sanders da Bruce Smith, ta ƙare kakar da ci 8, faɗuwa 8. Ba ta daddara ba, a 2009 ta ba Albert Haynesworth kwantaragin dala miliyan 100. Wasa 20 ya buga mata cikin kaka biyu aka rabu. Dalilin a fili yake. Ɗan wasan da ya iso kasuwa ya riga ya ci shekara huɗu ko biyar yana shan karo, kana biyansa ne ladan aikin da ya yi wa wani. Sannan ƙungiyar da ta fi kowa saninsa, ta san gwiwarsa ta san halinsa, ita ce ta bar shi ya tafi. Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwa ya san tambayar da ake yi wa kai: me ya sa mai shi ya fito da shi?

Kada kuma a ɗauka zaɓe ilimi ne tabbatacce. A 1998 masana sun rabu a kan wa ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Manning ya zama na farko, ya yi kaka 18 a gasar. Leaf ya zama na biyu, cikin ƴan shekaru ya ɓace. A 2000 sai da aka kira mutum 198 kafin a kira Tom Brady, wanda ya ci wa New England kofi shida. Wasu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi zaɓukan shekaru da yawa, suka gano cewa yiwuwar wanda aka fara zaɓa ya fi mai bi masa a matsayi ɗaya kaɗan ta ɗara rabi da rabi. Na daɗe ina tunanin wannan. Mutane ne masu bidiyo, da likitoci, da ma'aunin gudu, da miliyoyi, amma ba su iya faɗin abin da ɗan shekara 22 zai zama. Mu kuwa da alli da jan biro muna yanke wa ɗan shekara 12 hukunci a majalisar malamai cikin minti biyu.

Abin da ya karkatar da ma'aunin a zamaninmu lissafi ne. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa, ya sa hannu a kan dala miliyan 78 tun bai buga ko wasa ɗaya ba. Tsofaffin ƴan wasa da masu ƙungiyoyi duk abin ya ishe su, sai yarjejeniyar 2011 ta ƙayyade albashin sabbin shiga. Cam Newton, na farkon 2011, kimanin miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga nan yaron da ka zaɓa daidai ya zama garaɓasa: shekara huɗu yana aikin babba a kan kuɗin yaro, rarar kuma ka sayi gogaggu da ita. Tun da iyakar albashi ɗaya ce ga kowa, dala miliyan 255.4 a 2024, ba ka iya cike gurbi 53 da ƴan kasuwa. Haka Seattle ta yi da Russell Wilson, wanda ta ɗauka a zagaye na uku a 2012 ta ci kofi a Fabrairun 2014.

In an tambaye ni, ina bayan reno, amma ba da rufe ido ba. New Orleans a kasuwa ta sami Drew Brees a 2006, Denver a kasuwa ta sami Manning a 2012, dukansu kuma sun kawo kofi. Brady da kansa, bayan shekara 20, ya fita kasuwa a 2020 ya tafi Tampa Bay, ya ci na bakwai a Fabrairun 2021. Los Angeles Rams ma ta yi shekara bakwai, daga 2017 zuwa 2023, ba ta zaɓi kowa a zagayen farko ba, yawanci tana musayar damarta da gogaggu, ta kuma ɗauki kofi a Fabrairun 2022. Kakar da ta biyo baya ta ci 5 ta faɗi 12. Abin da na gani a yawancinsu shi ne sun san ainihin gurbin da ya rage musu kafin su kwance bakin jaka.

Saura wani abu da ɗalibin nawa bai gani a talabijin ba. A 1968 Washington ta zaɓi wani saurayi, James Smith, da ake kira Yazoo. A wasan ƙarshe na kakarsa ta farko ya ji mummunan rauni a wuya, ƙwallo ta ƙare masa ke nan. Ya kai ƙara yana cewa da an bar ƙungiyoyi sun yi zawarcinsa, da ya sami kwantaragin da zai riƙe shi bayan raunin. A 1976 alƙali ya ba shi gaskiya, ya ce zaɓen yadda ake yin sa ya saɓa wa doka. Abin da ya ceci tsarin shi ne an shigar da shi cikin yarjejeniyar 1977 tsakanin gasar da sandika, kuma dokar Amurka ba ta cika taɓa abin da ma'aikata da masu aiki suka amince a kai ba. Har yau a kan wannan ƙafar yake tsaye. Yarjejeniyar da ke aiki yanzu an sa mata hannu a 2020, za ta kai kakar 2030. Samarin da za a kira sunayensu a Afrilun 2030, lokacin da aka yi ƙuri'ar amincewa da ita yawancinsu ba su wuce shekara 12 ba.